Ɗan Ludo Mai Fuska Ashirin

Jadawalin da Külliki ta liƙa mini a jikin firji
ya ce: Litinin madafa, Talata banɗaki,
kafin barci a goge bahon wanke-wanke har ya yi ƙyalli.
Na karanta shi sau uku, na gano kuskure biyu a tsarinsa,
ban wanke ko cokali ba.

Yayata ce. Ta hau bene huɗu cikin sanyin Tartu,
ƙanƙara na narkewa a kafaɗarta,
ta ƙirga kofuna tara a gindin kwamfuta,
ɗaya har ya tsiro da koren gemu.
Ta ce, "Meelis, kai mai koya wa inji tunani,
tsintsiya ce ta gagare ka?"

Ba tsintsiya ba ce. Umarni ne babu dalili.
Ni ko a makaranta, in aka ce haddace, sai in ce don me.

Daren nan na ɗauko takarda mai gidan dara,
na zana gidana kamar kogon aljanu:
falo ƙasa guda, ƙarƙashin gado ƙasa guda,
bayan murhu daular da ba a taɓa ci da yaƙi ba.
Na yanka shi gida ashirin, kowanne da lambarsa,
na ɗauko ɗan ludona shuɗi mai fuska ashirin,
wanda ya sha kashe dodanni a teburin abokai.
Inda ya nuna, nan za a share.
Minti goma sha biyar, in ji jadawali.
Na mayar sha bakwai, don ina son lambar da ba ta rabuwa.

Ƙura maki ɗaya.
Yanar gizo maki uku, ta gasken, ba wadda nake kwana a ciki ba.
Maiƙon tanda goma, shi ne sarkin dodanni, ransa bakwai.
Safa marar abokiya fursunar yaƙi ce,
tana zaman kwando har a kamo 'yar'uwarta.

Gaskiya, sati guda na ɓata
ina rubuta manhajar da za ta zana mini ci gaba da jan layi,
ƙura na kallona tana hayayyafa.
Amma ran Laraba ɗan ludo ya ce huɗu,
na durƙusa gaban firji da tsumma.
Alhamis ya sake cewa huɗu. Na sake gogewa.
Doka doka ce, ko ni na kafa ta.

Kyanwata Pliiats ba ta yi mubaya'a ba.
Ta mare shi, ya gangara ƙarƙashin kabad,
can na tsinci kusoshi shida, ƙwayar wake tun ta bara,
da wayar cajin da na zargi Urmas da ɗaukewa.

Lamba ashirin kuwa ɗakin ajiya ne.
Rediyoyin Baba na ciki, sha ɗaya, cikinsu a buɗe,
yadda ya bar su ran da ya tafi asibiti da niyyar dawowa.
Na yi lissafi: ɗaya cikin ashirin, da sauran lokaci.
Ta fito a rana ta tara. Na ce tebur ya karkace.
Ta fito a ta talatin da biyu. Na ce kyanwa ta taɓa.

Karo na uku babu wanda zan ɗora wa.

Na saita agogo, na tura ƙofa.
Warin dalma da tsohon katako.
Na goge ta farko, na goge ta biyu,
a bayan ta uku ga rubutunsa da fensir:
"Wayar hagu ce. A duba gobe."
Agogo ya yi ta ƙara, na ƙyale shi.
Wayar hagun ce kuwa.

Ran Lahadi Külliki ta zo, ta shafa yatsa a bakin taga,
ta duba yatsan, ba ta ce komai ba.
Bahon wanke-wanke bai yi ƙyalli ba, lambarsa ba ta fito ba tukuna.
Daga ɗakin ajiya wata murya na faɗin yanayin gobe:
ƙanƙara, da iska daga arewa.
Ta tsaya da hula a hannu.
"Wannan fa, maki nawa?"
Na duba takardata sama da ƙasa.
Ban ware masa gida ba.